Yadda zaka koyi kalmomin Turanci na masifaffu da mafaɗata ba tare da sun cakuɗe maka ba

Ka buɗe dikshinari ka duba belligerent, zai ce maka mai son faɗa. Ka duba pugnacious, mai son faɗa. Truculent, combative, bellicose, quarrelsome, duk kusan abu ɗaya zaka gani, toh anan ne mutane da yawa suke sarewa, sai kawai mutum ya jera su a littafi ya rubuta "mafaɗaci" a gaban kowacce ya rufe, bayan sati ɗaya baya iya tuna wacce ce wacce, in ma ya tuna sai ya cusa ta inda bata shiga ba. Alhali kai da kanka a Hausa baka haɗa masifaffe da mai gardama, baka ce ma mai mita ɗan daba, kuma ka san tsagera daban yake da mai saurin fushi. Turancin ma haka yake, kowace kalma da irin mutumin da take nufi da kuma irin faɗan da yake yi, wannan rabe-raben shi ne ainihin abin da zaka koya, haddar jerin kalmomi ita ce ƙaramin aikin.

Mataki na farko, fara da Hausarka tukuna kafin ka taɓa Turanci. Samu takarda ka rubuta duk sunan da ka sani ana kiran irin waɗannan mutanen dashi: masifaffe, jarababbe, fitinanne, rigimamme, mai gardama, mai musu, mai tsokana, mai tsiwa, mai zafin kai, mai saurin fushi, mai mita, mai ƙorafi, tsagera, ɗan tada zaune tsaye, mai kumfar baki. A gaban kowanne ka tuno mutum ɗaya da ka sani mai irin halin, basai ka rubuta sunansa ba dan Allah, kar wani ya tsinci takardar ka ja ma kanka irin rigimar da kake karantawa, a ranka kawai zaka riƙe fuskar. Dalilin yin haka shi ne ƙwaƙwalwa tafi riƙe kalma idan akwai fuska a jikinta. Sannan duk kalmar Turancin da zata zo gabanka daga yanzu zaka mata tambaya uku. Da me mai wannan halin yake faɗan, da baki ne ko da hannu ko da kotu ko da makami? Halinsa ne na kullum ko kuwa yau ne kawai ya tashi a haka? Sannan kalmar ta rubutu ce da jarida ko ta hira ce, kuma zagi ce ko akwai ɗan yabo a cikinta? Waɗannan tambayoyin su zasu raba maka gardamar duk inda kalma biyu suka yi kama.

Mataki na biyu, ka riƙe masu sauƙin da kyau kafin ka hau manya. Na ga mutane suna rige-rigen haddace truculent alhali basu gama sanin inda ake saka argumentative ba, kuma a maganar yau da kullum ƙananan nan su ake ji. Argumentative shi ne mai gardama, kome ka faɗa sai ya musa, da baki yake yi ba da hannu ba. Quarrelsome shi ne masifaffen da baya rabuwa da cacar baki da na kusa dashi akan abin da bai kai ya kawo ba. Short-tempered da hot-tempered da quick-tempered duk mai saurin fushi ne. Hothead shi ne mai zafin kai da yake aikatawa kafin yayi tunani. Troublemaker ɗan tada zaune tsaye. Bully shi ne mai cin zalin wanda bai kai shi ƙarfi ba. Hostile kuma wanda ya ɗauke ka abokin gaba, ko bai ce komai ba zaka gani a fuskarsa da yadda yake amsa maka. Confrontational shi ne wanda baya kauce ma arangama, gaba da gaba yake so.

Aggressive kuma sai ka mata a hankali saboda fuska biyu gareta. In aka ce mutum aggressive ne a mu'amala toh ba yabo bane, mai afka ma mutane ne. Amma a wasan ƙwallo ko kasuwanci in aka ce ƙungiya ko kamfani aggressive ne, ana nufin suna kai hari ba ƙaƙƙautawa, yabo ne ma, likitoci kuma suna faɗinta akan cutar da take yaɗuwa da sauri. In kuma kana so kace mutum yana tsayawa akan haƙƙinsa ba tare da ya taka kowa ba, assertive zaka ce, kar ka ce aggressive, tsakanin biyun nan akwai wanda ake ƙara ma girma a wajen aiki akwai wanda ake ba takardar gargaɗi.

Mataki na uku shi ne saiwa, wato asalin kalma, kuma nan ne aikin yake raguwa sosai. Yawancin manyan kalmomin nan daga Latin suke, wasu kai tsaye wasu ta hanyar Faransanci, domin tun bayan da Normawa suka ci Ingila da yaƙi a 1066 Faransanci ya zama harshen fada da kotu na ɗaruruwan shekaru, Latin kuma harshen coci da malamai, shi yasa har yau kalmar da take da asalin Latin sai kaji tafi nauyi da kama da ta rubutu, fight ta kowa ce, combat da pugnacious kuwa sai an gyara zama.

A Latin bellum yaƙi ne. Daga nan aka samu bellicose da belligerent, har da rebel da rebellion, wato wanda ya sake tada yaƙi, da antebellum wadda Amurkawa suke kiran zamanin kafin yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 da ita. Belligerent ɗin haɗi ce, bellum da gerere, wato gudanar da yaƙi. Sai dai ka kula, ba duk bell bane yaƙi, embellish da belle daga wata kalmar daban suke, bellus, mai nufin kyakkyawa, kar saiwa ta kai ka ta baro. Pugnus dunƙulallen hannu ne, pugnare kuma yin faɗa, daga nan pugnacious ta fito, da impugn wato kai ma mutuncin mutum ko gaskiyarsa hari da baki, da repugnant abin ƙyama da rai yake turewa, kuma pugilist ɗan dambe duk danginsu ɗaya. Lis ko litis ƙara ce ta kotu, ita ta haifi litigious da litigation da litigant. Ira fushi ne, ga irate ga ire ga irascible. Queri shi ne yin ƙorafi, daga nan querulous ta zo, har quarrel ɗin kanta asalinta ƙorafi ne kafin ta zama cacar baki. Hostis abokin gaba, ga hostile. Miles soja, ga military ga militant. Trux mai nufin mugu mai ban tsoro ita ta bada truculent. Antagonistic kuma daga Girkanci take, anti kishiya, agon gasa ko kokawa. Ka rubuta saiwoyin nan a shafi guda, kowacce da 'ya'yanta a ƙasa, zaka ga kalma kusan 20 sun koma gida 8 ko 9.

Akwai waɗanda saiwa ba zata taimake ka ba. Cantankerous ta bayyana ne a ƙarni na 18, ita dai haddace ta zaka yi yadda take. Ornery kuma ta Amurkawa ce, ordinary ce baki ya lanƙwasa har ma'anar ta koma mai taurin kai da baƙar zuciya.

Mataki na huɗu, kuma shi ne zuciyar aikin, ka raba su gida-gida bisa irin faɗan. Anan zan ɗan daɗe.

Gidan farko na masu ƙamshin yaƙi. Bellicose yawanci magana take siffantawa ko shugaba ko gwamnati, irin jawabin nan na barazana da cika baki, zamu yi kaza zamu murƙushe kaza, ba lallai an harba ko harsashi ɗaya ba, kumfar baki ce mai warin yaƙi. Shi yasa zaka fi ganin "bellicose rhetoric" ko "bellicose statements" a jarida, da wuya kaji an ce ma ƙaramin yaro bellicose. Belligerent kuwa aiki biyu take yi. A dokar ƙasa da ƙasa, irin yarjejeniyoyin Hague na 1899 da 1907, belligerents su ne ɓangarorin da suke cikin yaƙi, ba zagi bane, matsayi ne kawai, kishiyar neutral wato ɗan ba ruwanmu. Amma akan mutum ɗaya, belligerent shi ne wanda a yanzu-yanzu yake huci yana ɗaga murya yana neman wanda zai taɓa shi, shi yasa ake yawan haɗa ta da became, kamar "he became belligerent when they asked him to leave", rahoton 'yan sanda da na asibiti suna sonta sosai musamman akan wanda ya bugu. Kaga bambancin kenan, bellicose baki ne daga nesa, belligerent kuwa gashi a gabanka. Hawkish ma gidan nan take, daga hawk shaho, ɗan siyasar da yafi son a yi amfani da ƙarfin soja akan sulhu, kishiyarsa dovish daga kurciya, kuma zaka ji su a labaran tattalin arziki ma, babban banki hawkish shi ne mai son ƙara kuɗin ruwa don ya danne hauhawar farashi. Militant kuma mai aƙida ne da yake shirye ya yi amfani da ƙarfi ko tsauri akanta.

Gida na biyu na masu son faɗan a jininsu. Pugnacious hali ne ba yanayi ba, mutumin da faɗa yake ma daɗi, ka tuna dunƙulallen hannun nan, ko ba naushi zai kai ba haka yake tsaye kullum a shirye. Ana faɗinta akan lauya ko ɗan jarida ko ɗan siyasa, kuma wani lokacin da ɗan sha'awa a ciki, kamar yadda zaka ce wane ai ba a taɓa shi a kwana lafiya, rabi suka rabi jinjina. Combative tafi ta sauƙi kuma tafi yawa a labarai, "a combative interview" ko "in a combative mood", wato ya zo da shirin mayar da martani, duk tambayar da aka jefo sai ya rama. Feisty kuwa kusan yabo ce, ƙarami ko wanda aka raina amma baya ja da baya, sai dai ka sani akwai matan da basa son a kira su da ita saboda tana ɗauke da ɗan raini, kamar ana mamakin an samu mai tsayawa. Scrappy a Amurka yabo ce irin ta feisty, mai fafutuka da ɗan abin da yake dashi, amma a Birtaniya in aka ce wasa ko rubutu scrappy ne ana nufin a hargitse yake ba tsari. Irin wannan ne yasa ya kamata ka riƙa duba ƙasar da mai maganar ya fito.

Gida na uku na masu baƙin rai. Truculent ita ce tafi ba mutane wuya. Ka kawo a ranka wanda aka kira shi ana masa tambaya, ya ɗaure fuska, ya harɗe hannu, amsa ɗai-ɗai yake bayarwa kowacce da ƙaya, bai zagi kowa ba amma kowa ya san kaɗan yake jira, toh wannan shi ne truculent, akwai tsiwa akwai ƙin bin umarni akwai fushin da aka danne. Ana yawan faɗinta akan matashi ko mai bada shaida ko ma'aikacin da baya son aikin. Cantankerous ta tsofaffi ce galibi, "a cantankerous old man", tsohon da komai sai ya yi faɗa akai, kuma sau da yawa da ɗan murmushi ake faɗinta, kamar dai yadda ake cewa tsoho mai rigima. Irascible mai saurin hawa ne, kalmar rubutu ce, daidai take da short-tempered sai dai ta sa babbar riga. Choleric tsohuwa ce, a adabi zaka fi haɗuwa da ita, asalinta daga kalmar Girkanci ta ruwan matsarmama, saboda likitocin da can sun ɗauka ruwa huɗu ne a jikin mutum suke juya halinsa, wanda matsarmamarsa tayi yawa shi ne mai zafin rai. Ka gane ta in ka gani, amma ban baka shawarar saka ta a hira ba.

Gida na huɗu na masu mita da ƙananan rigingimu. Querulous mai ƙorafi ne da muryar nan mai ban haushi, ba faɗa yake ba, mita yake. Petulant shi ne babba da yake fushin yara, an hana shi abu ya kumbura baki. Fractious ana faɗinta akan yaran da suka gaji suna ta rigima, sannan akan jam'iyya ko gamayya ko taron da kowa yake jan nasa, "a fractious coalition".

Sai guda biyu da suke zaman kansu. Litigious shi ne wanda abu kaɗan sai kotu, ana faɗinta akan mutum ko kamfani ko ma al'umma gaba ɗaya. Contentious kuma tarko ce, dikshinari zai nuna maka tana iya nufin mutum mai jayayya, gaskiya ne, amma a Turancin yau kusan kullum batu take siffantawa, "a contentious issue", "a contentious decision", wato abin da ake ta ce-ce-ku-ce akansa. In zaka siffanta mutum gara ka ɗauki argumentative ka bar contentious ma batutuwa.

Na hira zalla kuma, Turawan Ingila suna cewa stroppy ga mai tsiwa da saurin hawa, da bolshie wadda aka yanko daga Bolshevik ('yan juyin juya halin Rasha), mai ƙin bin umarni da gangan. Waɗannan kar su shiga takardar jarabawa ko wasiƙar ofis.

Mataki na biyar, kar ka koyi kalma ita kaɗai, koye ta da abokiyar tafiyarta. In ka lura tun ɗazu ina ta kawo su bibbiyu, da gangan ne. Abin da zaka haddace shi ne "bellicose rhetoric", "belligerent tone", "pugnacious style", "truculent teenager", "cantankerous old man", "litigious society", "hostile crowd", "fractious meeting". In ka riƙe su a haka, bakinka da kansa zai ƙi faɗin abin da bai dace ba tun kafin ka tuna doka. Hanyar samun abokan tafiyar mai sauƙi ce, ka shiga Cambridge Dictionary ko Oxford Learner's Dictionaries ko Merriam-Webster a intanet, ka tsallake ma'anar ka sauka kan misalan jimloli, ka kwafi guda biyu. A Oxford ɗin ka kula da ɗan tambarin da suke sawa a gefen kalma, formal ko informal ko disapproving ko approving, wannan tambarin shi ne amsar tambayarka ta uku, mutane suna wuce shi kamar ado ne alhali rabin ma'anar yana wajen.

A nan ne kuma zaka ɗauki salon maganarsu na faɗa, don Bature a hira yafi faɗin waɗannan akan manyan kalmomin. "Pick a fight" tsokanar faɗa. "Spoiling for a fight" yana ƙaiƙayin faɗa, neman dalili kawai yake. "He has a short fuse" saurin fashewa. "He has a chip on his shoulder" wannan kuma mutumin da yake ɗauke da wani tsohon haushi, yana ganin an raina shi ko an zalunce shi, don haka kowa ya taɓa shi sai ya sauke masa. "Bone of contention" shi ne abin da ake rigimar akansa. Kar ka fassara su kalma da kalma, ba zasu bada ma'ana ba, ɗauke su dunƙule.

Mataki na shida furuci. Turanci yana da gaɓar da ake dannawa a kowace kalma, in ka danna inda ba nan ba ko harufan sun fita daidai mai sauraro zai yi ta laluben me kace. Belligerent, gaɓa ta biyu ake dannawa kuma g ɗin j ce, bi-LI-ja-rant. Bellicose ta farko, BE-li-kos. Pugnacious ta tsakiya, pag-NEI-shas, g ɗin tana fita, kuma dan Allah p ce ba f ba, ka haɗe leɓɓanka ka sake su da iska, mu wannan wajen yana kama mu. Amma a impugn g ɗin bata fita, im-PYUN. Truculent TRA-kyu-lant. Litigious li-TI-jas. Contentious kan-TEN-shas. Irascible i-RA-si-bul, c ɗin ta narke cikin s. Cantankerous kan-TAN-ka-ras. Combative kuwa ta rabu biyu, a Birtaniya farko suke dannawa, a Amurka galibi tsakiya, duk wanda ka ɗauka daidai ne in dai ka tsaya akansa. Wannan rubutun nawa kwatance ne kawai, ka danna alamar lasifika a dikshinarin kaji da kunnenka, Cambridge tana bada na Birtaniya da na Amurka duka, sannan akwai shafin YouGlish da zaka rubuta kalma ya jero maka bidiyoyin YouTube daidai inda mutane suka furta ta. Ka ɗauki muryarka a waya ka kwatanta.

Mataki na bakwai ɗan gajere ne, ka haɗa kowace sifa da sunanta da bayanaunta. Belligerent, belligerence, belligerently. Truculent, truculence. Pugnacious, pugnacity. Bellicose, bellicosity. Irascible, irascibility. Hostile, hostility, kuma jam'inta hostilities yana nufin faɗan yaƙi kansa, shi yasa zaka ji "cessation of hostilities" in ana maganar tsagaita wuta. Ka lura da ɗafa-ƙeyar, masu ƙarewa da ent suna komawa ence, wannan kaɗai ya rage maka aiki.

Mataki na takwas shi ne yadda zasu zauna a kai. Tun 1885 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri sosai a farko-farko sannan zubewar ta lafa, maganin kuwa shi ne a riƙa waiwayarsa ana ƙara tazara. A 1972 wani ɗan jarida, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin kati da akwatuna akan wannan, kuma zaka iya yinsa da takarda. Yanka ƙananan katuna. A gaba kar ka rubuta kalmar, rubuta jimla da gurbi, misali "The witness was ______, arms folded, giving one-word answers", a ƙasa ka ɗan sa alamar Hausa kamar ɗaure fuska da tsiwa. A baya ka rubuta truculent da furucinta da abokiyar tafiyarta. Akwati uku sun isa, na farko kullum, na biyu bayan kwana 3, na uku sati-sati. Katin da ka ci ya matsa gaba, wanda ka faɗi ya dawo na farko ko da ya kai na uku, ba sani ba sabo. In takarda bata maka ba, manhajar Anki wannan aikin take yi da kanta, Quizlet ma ana amfani da ita.

Abu ɗaya da nake ganin yana da muhimmanci anan, kar ka zuba masu kama da juna duka rana ɗaya. In ka ɗauki bellicose da belligerent da pugnacious da truculent a zama guda zasu dame ne. Ɗauki ɗaya daga kowane gida, misali belligerent da cantankerous da litigious da querulous, waɗanda ba mai rikita su, bayan sun zauna sai ka kawo 'yan uwansu ka gwada su da waɗanda ka riga ka riƙe. Kalma 4 ko 5 a sati ba kaɗan bane in har da gaske zaka iya amfani dasu.

Mataki na tara, fita farauta. Labaran siyasa da na kotu da na wasanni cike suke da kalmomin nan, ka ɗauki kalmar satin ka rubuta ta a Google ɓangaren labarai ka karanta kanun da suka fito, ka tambayi kanka me yasa ɗan jaridar ya zaɓi combative bai ce belligerent ba. Sau da yawa amsar ita ce combative bata yanke hukunci, belligerent kuwa ta riga ta nuna mai laifi, kuma daga nan zaka fara gane ɓangaren da jarida ta karkata ko bata faɗa ba. Sannan ka koma kan takardarka ta farko mai fuskoki, kowane mutum ka rubuta masa jimla biyu da Turanci, ɗaya me yayi, ɗaya wace kalma ta dace dashi. Ka kuma gwada juyawa, ɗauki mutum ɗaya ka siffanta shi sau uku, yadda masoyinsa zai faɗa, yadda ɗan ba ruwanmu zai faɗa, da yadda maƙiyinsa zai faɗa, zaka samu feisty, combative, belligerent akan mutum guda. In kana da abokin karatu ku riƙa yi ma juna, kai ka kwatanta halin da Hausa shi ya kawo kalmar, in kun saɓa ku koma misalan dikshinari su raba ku.

Wajen amfani kuma ka san inda kake. A jarabawa irin IELTS ko TOEFL kalma ɗaya da ta zauna daidai tafi guda biyar da aka cusa, mai makin yana ganewa in ka ɗauko bellicose ka manna ma ƙanwarka. Masu shirin jarabawar GRE ta neman karatun digiri na biyu su ne zasu fi haɗuwa da irinsu truculent da irascible, kuma can ɗin ma bambancin ake tambaya, wacce ce ta dace da gurbin. A wasiƙar ofis ko ƙorafi akan abokin aiki, ka siffanta abin da ya faru maimakon mutumin, "his tone was confrontational" tafi "he is belligerent" tsira, ta farko magana ce akan rana ɗaya, ta biyu hukunci ce akan halinsa kuma za a ce ka kawo hujja. In kana son sassautawa akwai difficult, akwai "he can be a bit argumentative", wannan can be a bit ɗin yana rage zafi sosai, Turawan Ingila musamman haka suke nannaɗe suka. Gaba da gaba kuwa, in mutum yana cikin huci kace masa "don't be belligerent" ƙara masa wuta kayi, ko "calm down" ma sau da yawa tunzurawa take, gara kace "let's talk about this later" ka bar kalmar satin taka sai ka koma kan katunanka.